Baƙo a Birnin Dabo: Tsakanin Katin Zama da Mai Masauki

Baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da bizar zama a fasfonsa bai gama da takardu ba. Sai ya je Hukumar Shige da Fice ta ba shi katin zama da ake kira CERPAC, wanda zai riƙa sabuntawa. In kuwa ɗan ƙasashen ECOWAS ne, yarjejeniyar 1979 ta yarje masa kwana 90 ba biza, daga nan shi ma ya nemi nasa katin. Ko da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanenta su shigo kamar da. Da katin, gwamnati dai ta san da zaman baƙo ke nan. Sai dai kati ba ya samar wa mutum ɗakin haya a Yakasai, ba ya sa ɗan kasuwar Kwari ya ba shi atamfa bashi.

Wannan aikin mai masauki ne, wanda fatake ke ce wa fatoma. Shi ke tarbar baƙo da "maraba, sannu da hanya", ya ba shi ɗaki da tuwon dare, ya adana masa kaya, ya nemo dillali a kasuwar Kurmi. In an yi ciniki bashi, shi zai tsaya a tsakani. In rigima ta tashi, shi za a fara nema. Yana samun la'adarsa, amma mutuncinsa ya jingina a kan mutumin da bai san asalinsa ba. Baƙon da ya yi niyyar zama kuwa, sai a kai shi gaban mai unguwa, maganar ta hau sama har a yanka masa fili.

Haka aka cika cikin ganuwa. Tarihin Kano ya kawo zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Shehu Magili ya zo wajen 1492, zamanin Muhammadu Rumfa, zuriyarsa kuma tana Sharifai har gobe. Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna a Dandalin Turawa, Yarbawa a Ayagi, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa. Agalawa, waɗanda tushensu ke can ƙasar Azbin, suka rungumi fataucin goro zuwa Gwanja, daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito. Wa zai tari jikokinsa yau ya ce musu baƙi?

Ba a rasa abin da ya sauƙaƙa wannan cuɗanya ba: kusan dukkansu Musulmi ne, sahu ɗaya ake bi, ana auratayya.

Turawa ne suka sauya salon. Bayan sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya fara kwararo da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, sai aka keɓe musu Sabon Gari a bayan ganuwa wajen 1913, Kwarori kuma suka yi sansani ta wajen Fagge. Illar wannan rabuwa ba ƙarama ba ce. Akwai gidajen da aka haifi kaka da ɗa da jika a Sabon Gari, Hausa a bakinsu kamar ta ɗan Mandawari, amma in an zo neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma don makaranta ko aikin gwamnati, sai a tura su garin da wataƙila ba su taɓa kwana ba. Wannan bai yi kama da Kanon da ta karɓi Agalawa ba.

Fada dai ba ta saki tsohuwar hanya ba. A 2019 Sarki Muhammadu Sanusi na II ya naɗa ɗan kasuwa Mike Zhang Wakilin 'Yan China, domin mutanensa su sami wanda zai kai kukansu, a kuma sami wanda za a tambaya in sun yi ba daidai ba. Tsarin mulkin 1999 ma da sauran wannan tunani a cikinsa. Sashe na 27 ya ce baƙon da ke son zama cikakken ɗan ƙasa sai ya yi shekara 15 a Nijeriya, sannan gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi, ya kuma saje da irin rayuwarsu.