Rubuta bayanan taro da ƙirƙirarriyar basira

Rubuta bayanan taro da ƙirƙirarriyar basira wata hanya ce da ake amfani da manhajar kwamfuta wajen sauraron taron da ake yi ta bidiyo, ta mayar da maganganun mahalarta zuwa rubutu, sannan ta fitar da taƙaitaccen bayani game da abin da aka tattauna, da shawarwarin da aka yanke, da ayyukan da aka ɗora wa kowa. A da, sakataren taro ne ke yin wannan aiki da hannu.

Tarihi

Tarurrukan bidiyo sun yawaita sosai a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa ma'aikata yin aiki daga gida. Kafin nan akwai kamfanoni kamar Otter.ai, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2016, da ke mayar da magana zuwa rubutu. Abin da ya sauya al'amarin shi ne bullowar manyan samfuran harshe, musamman bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, domin su ne ke iya karanta doguwar tattaunawa su tsamo muhimman batutuwa daga cikinta. Zoom ya ƙaddamar da AI Companion a watan Satumban 2023, Microsoft ya fara sayar wa kamfanoni Copilot, wanda ke aiki a cikin Teams, a watan Nuwamban shekarar, sai Google ya sanya Gemini ya riƙa ɗaukar bayanai a Google Meet a 2024.

Yadda take aiki

Aikin yana bin matakai uku. Da farko manhajar tana ɗaukar sautin taron ta mayar da shi rubutu. Daga nan ta rarrabe masu magana, wato ta nuna wane ne ya faɗi kowace jimla. Idan kowa ya shiga taron daga na'urarsa wannan ba shi da wuya, tunda sautin kowa yana zuwa da sunansa. Amma idan mutum biyar suka zauna a ɗaki ɗaya da makirufo guda, sau da yawa manhajar kan ɗora maganar wani a bakin wani. A ƙarshe ake miƙa rubutun ga samfurin harshe ya taƙaita shi.

Wasu manhajojin suna cikin dandalin taron ne tun asali. Wasu kuma, kamar Otter da Fireflies, suna shiga taron a matsayin baƙo, har a ga sunansu a jerin mahalarta.

Matsaloli

Duk kuskuren da aka yi a matakin farko yana bin taƙaitawar har ƙarshe. Sunayen mutane, lambobi da kalmomin sana'a su ne suka fi lalacewa, kuma su ne bayanan taro suka fi dogara a kansu. Samfurin da ke taƙaitawa bai ji sautin ba, rubutun kawai yake gani, saboda haka bai san lokacin da aka yi magana cikin raha ko gatse ba. Idan wani ya ce “to, mu gani”, yana iya rubutawa kamar an amince da batun. A 2024 masu bincike sun nuna cewa Whisper, manhajar OpenAI da ta fito a watan Satumban 2022, takan ƙirƙiro jimlolin da babu wanda ya furta su, musamman a wuraren da aka yi shiru. Shi ya sa ya dace wanda ya halarci taron ya duba bayanan ya gyara kafin a raba su.

Akwai kuma batun harshe. An horar da Whisper da sauti na awa 680,000, mafi yawansa na Turanci. Hausa tana cikin harsunan da ke jerinsa, amma ingancin rubutunta bai kai na Turanci ko Faransanci ba. Taron da ake gauraya Hausa da Turanci a jimla ɗaya, kamar yadda aka saba a ofisoshi da dama, ya fi ba waɗannan manhajoji wahala.

Sirri da doka

Ɗaukar taro yana nufin ajiye muryoyin mutane da maganganunsu a kwamfutocin wani kamfani. A watan Agustan 2023 Zoom ya sha suka kan sharuɗɗan amfani da shi, har ya fito ya ce ba zai horar da samfuransa da sauti, bidiyo ko hirar masu amfani da shi ba. A Kalifoniya doka ta buƙaci yardar duk mahalarta kafin a ɗauki tattaunawar sirri, kuma a 2025 an kai Otter ƙara a wata kotun tarayya da ke jihar bisa zargin ɗaukar mutanen da ba su ba da izini ba. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta shafi irin wannan ɗauka, haka ma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Wani haɗarin ya fi kusa da ma'aikaci. Manhajar kan ci gaba da sauraro muddin ba a rufe taron ba, kuma wasu an saita su su aika bayanan kai tsaye ga duk wanda aka gayyata, har da wanda ya riga ya fita kafin a fara magana a kansa.