Kafin a Sa wa Hilux Manyan Tayoyi

Ina SIWES a wani gareji aka kawo mana Hilux a sa mata manyan tayoyin shiga daji. Na ɗauka a cire ƙarama a ɗaura babba ne kawai. Ina! Da an karya sitiyari sai tayar ta gogi jikin mota. Dole muka ɗaga ta inci 2: dogon sifirin da shokazoba a gaba, ƙarin falle ɗaya a sifirin baya, sannan alaimen.

Oga ya ja kunnen mai motar: tunda ta ƙara tsawo, ta fi saurin kifewa a kwana. Birki zai ƙara shan wahala, za ta ƙara shan mai, kuma agogon gudu zai nuna 100 alhali ka wuce haka.