Ko Itacen Kofi Zai Yi a Ƙasar Funtua?

Fataken da ke zuwa Mambila sukan komo da labarin gonakin kofi, watau gahawa, har waɗansu manoman Funtua da Malumfashi su yi sha'awar rage auduga ko masara su dasa shi. Kafin manomi ya ɓad da kuɗinsa, ya kamata ya san abin da itacen nan ke bukata.

Kofi iri biyu ne a kasuwa. Arabika, wanda asalinsa daga duwatsun Habasha ne, shi ya fi tsada, shi ne kuwa ake nomawa wajen Gembu a Jihar Taraba, inda tudu ya haura ƙafa 5,000. Yana son sanyi-sanyi da ruwan sama inci 60 zuwa 80 a shekara. Robusta yana jure zafi, amma shi ma sai da ruwa mai yawa da laima, shi ya sa ake samunsa a kurmi, kamar wajen Kabba da Ondo.

To, ƙasar Funtua ba ta rasa kyau ba, gama tana da zurfi, kowa kuwa ya san yadda take ba da masara. Cikas ɗin yana sama. Ruwanmu wajen inci 40 zuwa 45 ne, kuma duka yakan zuba tsakanin Mayu da Oktoba. Kofi yana son rani na wata biyu ko uku kawai, don ya huta kāna ya yi fure da ruwan fari. Namu rani yakan kai wata shida. Itacen ba ya kaɗe ganye ya jira damina kamar kuka, saboda haka hunturu sai ya busar da shi, zafin bazara kuma ya ƙarasa. Tudunmu ma bai kai rabin na Mambila ba.

Mai lambu a bakin fadama, ko kusa da madatsar Mairuwa, yana iya raya 'yan itatuwa ƙarƙashin inuwa, in ya dage da ban ruwa da ciyawa a gindi. Amma sai bayan shekara 3 ko 4 zai ga 'ya'yan fari, kuma ba mai awon kofi a kasuwanninmu kamar yadda ake awon auduga. Wannan ruwa da wannan wahala, in aka ba mangwaro mai aure ko lemo ko gwaiba, lalle sun fi biya.

Wanda duk da haka yake son gwadawa, kada ya wuce tushe goma, kuma ya nemi dashe daga Cibiyar Binciken Koko ta Ibadan, wadda ke da reshe a Kusuku, can Mambila.