Mai ƙofa biyu a Titin Filin Jirgi: wacce za ta jure?

Mazaunin Lugbe da tsohuwar Honda Accord ɗinsa ta fara shan mai kamar rijiya, idan ya leƙa wuraren dillalan motoci a gefen titin Umaru Musa 'Yar'Aduwa, wato Titin Filin Jirgi, masu ƙofa biyu ne ke fara ɗauke masa ido. Kyau kam akwai shi. Tambayar ita ce wacce bakanike ba zai riƙa kwana da ita ba.

Lexus RC 350, wadda ta fito a 2014, ta fi kwantar da hankali: injinta V6 ne mai lita 3.5, ɗan gidan Toyota, kuma makanikan Apo sun san danginsa ciki da bai. Marsandi E350 ta fi ta alfarma, sai dai kayan gyaranta na cizo. BMW 335i kuwa, a 2010 kamfanin ya kira dubbanta a Amurka saboda matsalar famfon mai.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, duk cikinsu babu mai sauƙin ciyarwa.

Sai batun ruwa. Wanda ya ga ambaliyar rukunin gidajen Trademore a Yunin 2023 ya san motar da ta nutse kan dawo kasuwa tana ƙyalli. Gogaggen mai saye yakan ɗaga kafet ya shinshina, ya duba tsatsa a ƙarfen kujera, a jona mata kwamfuta, sannan ya gwada lambar shasi da takardar kwastan kafin a zauna ciniki.