Daga Ɗakin Bincike Zuwa Kafa Masana'anta: Tafarkin Masanin Kimiyyar Roba

Manomi a Unguwar Hajji, ko a wani ƙauye na ƙasar Ƙaraye da Rogo, yana wuni cikin kayan roba: tiyon ban ruwa, buhun taki, bokiti, da ledar ƙulla iri. Masana kimiyyar sinadarai na kiran asalin waɗannan kaya polima, wato ƙananan ƙwayoyi masu yawa da suka sarƙu da juna har suka zama doguwar sarƙa. Tsawon sarƙar da yadda ta kwanta su ke sa wata roba ta yi tauri, wata ta yi danƙo. Abin ba baƙo ba ne gare mu, domin ƙaro da sitacin rogo da zaren auduga duk polima ne na halitta.

Masanin wannan fanni yakan fara aiki a babban kamfani, inda kayan gwaji masu tsada suke. Yadda yake fita ya tsaya da ƙafarsa ya bayyana sarai a tarihin Wilbert Gore na Amurka. Gore ya shafe fiye da shekara 15 yana bincike a kamfanin DuPont, inda ya yi aiki a kan Teflon, robar nan mai jure zafi da aka gano a 1938. Ya hango cewa za ta dace da lulluɓe wayar lantarki, amma kamfanin ya fi son sayar da ɗanyen sinadarin ga masu sarrafawa. Sai ya ajiye aiki, a 1958 shi da matarsa Genevieve suka kafa nasu kamfanin a ɗakin ƙarƙashin gidansu da ke Newark, jihar Delaware. A 1969 ɗansu Robert ya fizgi sandar Teflon mai zafi da ƙarfi. Maimakon ta tsinke sai ta miƙe ninkin-ba-ninkin, ta cika da ƙananan ƙofofi masu hana ruwa shiga amma su bar tururi ya fita. Daga nan aka samu yadin Gore-Tex.

A ganina, jarin Gore na haƙiƙa shi ne sanin halin sinadari guda ciki da waje, da lura da buƙatar da uban gidansa ya ƙyale.

Irin wannan giɓi na nan a Kano. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suna narka ƙwayoyin roba su yi kujeru da takalma da buhuna, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa tana da sashe na musamman kan polima da saƙa, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Zariya. Amma dubi tsohuwar robar da 'yan jari-bola ke tarawa. Gorar ruwan sha tana narkewa a wajen digiri 250 na ma'aunin Salshiyos, leda kuwa ƙasa da 140. In aka niƙa su tare ba sa haɗuwa, bokitin da aka yi da su yakan tsage tun bai ga damina biyu ba. Wanda ya ƙware a masana'anta, ya san rarrabe su da wanke su da gwada ingancinsu, zai iya farawa da injin niƙa guda da rumfa, ya riƙa sayar wa tsohuwar ma'aikatarsa ƙwayoyi masu tsabta. Abin da zai fi ba shi wahala shi ne wutar lantarki, domin injin narka roba in ya huce da kaya a cikinsa, sai an sake ɗumama shi na dogon lokaci kafin a ci gaba da aiki.