Kiwon Kifi a Minjibir: A Tanadi Ruwa Kafin a Sayo Tarwada

A ƙasar Minjibir gona tana manne da gona, samun filin da za a haƙa babban tafkin kifi abu ne mai wuya. Shi ya sa kiwon tarwada a tankin siminti ko na tamfol a cikin gida ya dace da yankin. Sai dai mai shirin fara sana'ar yakan lissafa kuɗin 'ya'yan kifi da buhunan abinci, ya bar ruwa a baya, yana ganin ai ruwa ruwa ne. Alhali a cikinsa kifi yake numfashi, a nan yake ci, a nan yake zubar da ƙazantarsa. Ruwan da mutum zai sha ya kwana lafiya yana iya kashe ƙananan kifi kafin gari ya waye.

Babban ruwan da ke ƙaramar hukumar Minjibir shi ne madatsar Wasai, wadda aka gina a kan kogin Jakara a shekarar 1976. Masunta da manoman rani suna cin abinci da ita. Amma Jakara daga cikin birnin Kano ta taso, tana kwashe ruwan kwatoci a hanya, ga kuma rafin Getsi da ke kawo mata dagwalon masana'antun Bompai. Masu bincike sun sha gano ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyom a wannan ruwa. Waɗannan ba sa gushewa don an ajiye ruwa ya kwanta, tafasawa ma ba ta fitar da su, kuma suna taruwa a jikin kifi sannu a hankali. Don haka mai kiwo a gida gara ya dogara da rijiya ko burtsatse.

Ruwan burtsatse ma yana da nasa halin. Ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa bai haɗu da iska ba, saboda haka oksijin ɗin cikinsa kaɗan ne, iskar kabon kuwa ta yi yawa. A wasu wuraren yana ɗauke da narkakken ƙarfe. Za ka tara shi a bokiti garau kamar hawaye, bayan wasu sa'o'i ka ga ya yi ja-ja, tsatsa ta kwanta a gindin bokitin. Idan a tankin kifi wannan sauyi ya faru, tsatsar takan manne wa kifi a matattarar numfashinsa. Babbar tarwada tana da wata gaɓa da take shaƙar iska da ita a saman ruwa, shi ya sa take da juriya. Jariran da aka ƙyanƙyashe ba su da ita tukuna, su ne suke fara mutuwa.

Maganin wannan shi ne tanki na biyu, wanda ba kifi a cikinsa. A ɗaga bakin tiyo sama, ruwa ya riƙa faɗowa yana fantsama, ko a bi da shi ta cikin kwandon roba mai huji domin ya sha iska. Sannan a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu. Iskar kabon za ta fita, oksijin ya shiga, tsatsa da laka su kwanta. A ɗebi na sama a bar na ƙasa. Wanda yake amfani da ruwan famfo ma haka zai yi, domin kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta yana ƙona matattarar numfashin kifi, amma yana tashi idan ruwa ya zauna a buɗe.

Masu ajiye kifin teku na ado a gidajensu a Turai da Amurka sun kai wannan al'ada ƙarshe. Suna tace ruwa da irin injin da manyan kamfanonin fiya wata ke amfani da shi, wanda ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata har ya rabu da kusan duk abin da ya narke a ciki. Bayan haka su zuba gishirin musamman kimanin giram 35 a kowace lita, su bar famfo yana juya shi dare guda a rufaffiyar roba, su auna shi, kana ya taɓa kifi. Tarwada ba ta buƙatar wannan tsada. Darasin dai ɗaya ne: ruwan gobe yau ake shirya shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse su ne suke zama amoniya, wadda gubarta ke ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Ga shi kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai: lita guda tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin a digiri 20, amma a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Idan ka leƙa tanki da asuba ka tarar da kifi sun tsaya a tsaye kansu a sama, sun ƙi abinci, ruwan yana wari yana kumfa, to ya gaji. A rage kashi ɗaya cikin uku ko rabi ta bututun ƙasa, a cike da wanda ya kwana. Sauya shi gaba ɗaya da ɗanyen ruwa girgiza kifi yake yi.

Ma'ajin ruwan kansa yana son kula. Kada a yi amfani da duron da aka taɓa zuba maganin feshi ko man inji, ko da an wanke shi. A rufe bakinsa da raga saboda sauro da ƙura. Da bazara a sa shi a inuwa, domin baƙin tankin roba a rana yana dafa ruwa. Da hunturu kuwa ruwan ajiya yana yin sanyi da dare, tarwada kuma ta fi son digiri 26 zuwa 30, sai a jinkirta canjin zuwa tsakar rana. Takardar gwajin tsamin ruwa ba ta da tsada, abin nema shi ne tsakanin 6.5 da 8.5.

Manoman kewayen Kano sun daɗe suna riƙe ƙasarsu da taki, shekara bayan shekara ba tare da hutar da gona ba. Ruwan da aka cire daga tankin kifi shi ma taki ne, cike yake da abin da alayyafo da zogale da tumatir ke so. Maimakon a sake shi a lungu ya dami maƙwabta, a ja masa hanya zuwa ɗan lambu. Duk wanda jarinsa bai kai na tanki biyu ba, ya rage yawan kifin da zai saya ya tanadi ma'ajin ruwa tukuna. Kifi ɗari biyu da suka kai kasuwa sun fi ɗari biyar da aka kwashe aka binne.