Makafi da Neman Aure ta Waya: An Sami Sirri, Tsaro Ya Rage Baya

A shekarar 2009 kamfanin Apple ya sanya manhajar VoiceOver a wayar iPhone 3GS. Aikinta shi ne karanta wa mai waya duk abin da ɗan yatsansa ya taɓa a kan allo. Google ma ya fito da tasa, TalkBack, domin wayoyin Android. Bayan shekara uku, a 2012, manhajar Tinder ta ɓullo a Amurka, ba da jimawa ba ta kawo sabon salon neman masoyi: a dubi hoto, in ya yi a ja yatsa dama, in bai yi ba a ja hagu. Tare suka taso, amma ɗaya don kunne aka yi ta, ɗayar kuma don ido. Hasali ma, ga mai amfani da VoiceOver, jan yatsa dama umarni ne ga waya ta karanta abu na gaba. A wannan tsaka mai wuya makafi da masu raunin gani suke neman abokin zama a yau.

Kuma suna da yawa. Ƙididdigar da mujallar Lancet Global Health ta wallafa ta nuna cewa a 2020 akwai makafi kimanin miliyan 43 a duniya, ga wasu miliyan 295 da ganinsu ya yi rauni sosai ko matsakaici. A Najeriya, binciken ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta makafi miliyan 1.13 a cikin masu shekara 40 zuwa sama, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Arewa maso Gabas ce ta fi ko'ina. Neman aure shi ma ya yi ƙaura: masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano cewa a 2017 kashi 39 cikin 100 na sababbin masoya maza da mata a Amurka ta intanet suka haɗu. A ƙasar Hausa ba Tinder ce ke tashe ba. Facebook ne, da Instagram, da rukunonin WhatsApp na masu haɗa aure.

Me ya ja makafi can? Duk wanda ya san yadda ake zuwa zance ya san amsar. Saurayi makaho ba ya isa ƙofar gidan su yarinya sai da ɗan jagora, wanda zai tsaya nesa kaɗan yana jin rabin hirar. In wasiƙa ce, sai an rubuta masa, in amsa ta zo sai an karanta masa. Makauniya ta fi shi shiga uku: ba a cika tura ta biki ko kasuwa ba, balle wani ya gani ya ce yana so, kuma a gidaje da yawa an riga an yanke cewa ko dai ta auri ɗan'uwanta makaho ko ta zauna. Soyayyarsu kullum da mutum na uku a ciki. Waya ce ta fara fitar da wannan mutumin daga ɗaki. Da abin sauraro a kunne, da allon da aka duhunta, babu mai sanin da wa ake magana.

Saƙon murya ya ƙara sauƙaƙa lamarin. A 2022 WhatsApp ya ce ana aika saƙonnin murya biliyan 7 a kowace rana. Ga Bahaushe makaho wannan babbar ni'ima ce, domin sau da yawa manhajar karanta allo da harshen Bature take karanta Hausa, ta yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ har maganar ta fita hayyacinta. A fagen murya kuwa, babu wanda ya fi wani. Mutum zai nuna hankalinsa da iya zancensa da barkwancinsa kafin a san yana riƙe da farar sanda. Shi zai zaɓi ranar da zai faɗa. Zaɓin ma ba mai sauƙi ba ne: wanda ya rubuta tun farko cewa ba ya gani, wasu za su wuce shi, wasu kuma dalilin da zai sa su tsaya ke nan, ba don alheri ba. Wanda ya jinkirta kuma sai a ce ya yi rufa-rufa.

Matsalar tana fitowa fili in aka duba shawarwarin tsaro da kamfanoni da 'yan sanda suke bayarwa. A kwatanta hotunan mutum. A binciki hoton a intanet ko na sata ne. A yi kiran bidiyo a ga fuska. A duba lambar mota kafin a shiga. Kada a ɗauke ido daga abin sha. Duk a kan ƙa'idar gani ya kori ji aka gina su. Lokacin da Tinder ta kawo tantance hoto a 2020, abin da ake so shi ne mutum ya kwaikwayi tsayuwar da aka nuna masa a hoto, ya ɗauki kansa a haka, sannan a ba shi shuɗiyar alama. Ga wanda ba ya ganin hoton, ƙofar a rufe take sai da taimakon wani, kuma rashin alamar sai ya sa a riƙa yi masa kallon ɗan damfara. Binciken ƙungiyar WebAIM na 2024 ya sami kurakuran da ke wahalar da masu buƙata ta musamman a kashi 95.9 cikin 100 na shafukan farko na manyan gidajen yanar gizo miliyan ɗaya. Daga cikin kurakuran da aka fi samu akwai hoto babu bayani da maɓalli babu suna. In maɓallin kai ƙara ko na toshe mutum ne ba shi da suna, to mai cin zarafi ya sami fili.

Sai a koma aron ido. Ko dai a miƙa wa ƙanwa ko aboki wayar, ko a kira ɗan sa-kai ta manhajar Be My Eyes, wadda Hans Jørgen Wiberg, ɗan ƙasar Denmark mai raunin gani, ya ƙaddamar a 2015. Ko ta wace hanya, mutum na uku ya dawo. A 2023 manhajar ta ƙara wani sashe mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wanda ke bayyana abin da ke cikin hoto dalla-dalla. Yana iya cewa ga wani mutum da farar riga ya jingina da mota. Ba ya iya cewa hoton na mai maganar ne ko na wani bawan Allah da bai san ana yi ba. Haka nan hoton da makauniya za ta aika: ba ta da tabbacin abin da ya fito a bayanta, ko lambar gida ce, ko sunan makarantar da take koyarwa. A kiran bidiyo kuma ita ake gani. Ba ta san ko shi kaɗai ne a ɗakin ba, ba ta san ko yana naɗa ba.

'Yan damfara sun san da wannan. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta ce a 2022 mutane kusan 70,000 suka kai ƙarar damfarar soyayya, asarar ta kai dala biliyan 1.3. Makamin da makafi suka fi dogara da shi, wato gane mutum ta murya, shi ma an fara dakushe shi. A farkon 2023 masu bincike a Microsoft suka nuna wata fasaha da ke kwaikwayon muryar mutum daga naɗin daƙiƙa uku kacal, kuma a shekarar FTC ta yi gargaɗi cewa ana amfani da muryoyin bogi wajen tatsar kuɗi. A nan gida akwai wata ɓaraka ta daban: makahon da ya saba ba wa wani lambar sirrin katinsa a wajen mai POS ba zai ga abin mamaki ba in sabuwar masoyiya ta ce ta ɗauke masa wannan wahalar.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne ranar haɗuwa. Alƙaluman ma'aikatar shari'a ta Amurka na 2017 zuwa 2019 sun nuna cewa ana kai wa masu nakasa farmaki kusan ninki huɗu na waɗanda ba su da ita. Ga makafi, akwai abin da ke rikita batun yarda tun kafin a kai ga mugunta. Su mutane ne da ake taɓawa kullum ba a tambaye su ba: a ja hannu a tsallaka titi, a kama kafaɗa a zaunar, a karɓe sanda a ajiye. Jama'a na ganin lada suke nema. Masu koyar da makafi tafiya kuwa cewa suke yi a fara tambaya, in ya amince, shi zai riƙe gwiwar hannun mai jagora, ba a riƙe shi ba. Namijin da ya fake da taimako ya kai hannu inda bai kamata ba yana da uzuri a shirye, ita kuma tana iya yin minti tana tunanin ko kuskure ne.

Sannan ga batun fita. Wadda aka kai gidan abinci ko ɗakin da ba ta san ƙofarsa ba, aka jingine sandarta inda ba ta sani ba, kuma wanda ya kawo ta shi ne zai mayar da ita, in ta ce "to", wannan ba amincewa ba ce, rashin mafita ne. Shi ya sa masu ba makafi shawara suke nacewa a kan abubuwan da mai ido zai raina: ita ta zaɓi wurin, wanda ta san lungunansa, ta zo da ɗan adaidaitan da ta saba da shi, ya jira ta, sanda da waya kada su bar jikinta, wani amintacce ya san inda take ta hanyar aika wuri a WhatsApp.

Nauyin bai tsaya a kan mai ido kaɗai ba. Saurayi makaho ba ya ganin an ɗaure fuska ko an ja da baya, don haka ba shi da hujjar cewa ya ɗauka an yarda. Dole ya tambaya, a amsa masa da baki. Wannan yana karo da tarbiyyar kunya, inda sunkuyar da kai da murmushi suke isar da saƙo, shirun budurwa kuma ake fassara shi da amincewa idan waliyyi ya nemi izininta. Waliyyin yana kallon fuskar 'yarsa, ya san shirun farin ciki da na baƙin ciki. Inda ɗaya ba ya gani, shiru ba ya nuna komai. Dokar hana cin zarafi ta Najeriya ta 2015 ta fayyace cewa yardar da aka samu ta tsoratarwa, ko yaudara, ko sanya wa mutum abin gusar da hankali, ko shigar burtu a matsayin mijin mace, ba yarda ba ce. Saura aiwatarwa: in tambayar farko a ofishin 'yan sanda ita ce "yaya kamanninsa?", ƙarar makauniya ta fara rauni tun daga kan kanta.

Iyaye da yawa in suka ji irin wannan, maganinsu shi ne ƙwace waya. Kuskure ne babba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ta tabbatar a sashe na 23 cewa suna da 'yancin aure bisa cikakkiyar yardarsu. Ban da haka, wadda ta san za a ƙwace mata waya ba za ta faɗi ranar da za ta fita ba, sai ta tafi a ɓoye, abin da mugu yake so ke nan. Abin da dangi za su iya yi ya riga ya kasance a hannunsu: bincike. A je unguwar mutum a tambayi mai unguwa da liman da abokan sana'arsa. Wannan tantancewa ba ta buƙatar ido, kuma muryar bogi ba ta tsallake ta. Manhajar Muzz ta Musulmi, wadda aka kafa a Ingila, ta ba da damar a sanya waliyyi ya riƙa bin hirar. Amfaninta yana nan muddin mai neman auren ce ta zaɓa, ba ɗora mata aka yi ba.

Doka ta fara matsa wa kamfanoni a wasu wurare. A 2019 kotun ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin sayar da abinci na Domino's, ta bar hukuncin da ya ba wani makaho damar yin ƙarar kamfanin saboda manhajarsa ba ta aiki da na'urar karanta allo. Daga 28 ga Yunin 2025 kuma dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da kaya da hidima ta intanet su sauƙaƙa wa masu nakasa. Dokar masu nakasa ta Najeriya da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta fi karkata ga gine-gine da sufuri da ilimi da aikin yi. Kafin ta waiwayi manhajoji, ya kamata Ƙungiyar Makafi ta Najeriya da makarantu irin na Gindiri da Tudun Maliki su sanya darasin tsaro a waya da na faɗin "a'a" da baki kusa da darasin riƙe sanda.